Barcin da Na Saya wa Baba

Akwai wani mutum da har yau in na hango shi a taron suna ko ɗaurin aure a Paris, nakan ɗauki jakata in canja kujera. Bai taɓa zagina ba, bai ci mini ko dala ba. In ka tambaye shi ma, cewa zai yi ya taɓa yi mini alheri. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Mahaifina tela ne. Shekara arba'in ya yi a kan keken ɗinki a kasuwar Damagaram, har bayansa ya ranƙwafa. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai aikin ya zame masa maɓoya, daga asuba zuwa magariba yana taka keke. Likita ya ce ya huta, ƙannena suka ce ya huta, ya ce ya ji. Ni ina Lyon, ina aiki a wani ɗakin bincike a Bron, wurin da na yi karatu. Da ƙyar na samo masa biza ta wata guda.

Kwana uku da zuwansa ya gyara mini labule biyu, ya sake wa rigunana maɓallai, ya fara karɓar wandunan ƴaƴan maƙwabta yana rage musu tsawo da allurar hannu. Na san haka za a yi, shi ya sa na riga na yi shiri. Sama da shekara ina tara kuɗi don in sa shi a jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ke tashi daga Lyon ya bi kogin Rhône zuwa kudu ya dawo, kwana shida. A cikin jirgi babu labulen da za a bari ya taɓa. Ba gari nake so ya gani ba, so nake ya yi barci.

Kuɗin mutum ɗaya ero dubu da ɗari huɗu. Na zaɓi ɗakin bene na sama mai babbar taga, na biya tun watanni kafin tafiya don kada a rasa wuri. Da Baba ya tambaye ni, na ce wurin aiki ne suka ba mu. Sun ba ni wata ƴar takardar rangwame wadda ba ta taka kara ta karya ba, a kanta na jingina ƙaryata. Na san da ya ji ainihin kuɗin ko matakalar jirgin ba zai taka ba.

Shi Baba tambayar kuɗin abu gaisuwa ce a wurinsa. Haka muka taso. In ka sayi shadda ka kawo masa, zai murza ta da yatsa biyu, ya ce nawa, ka faɗa. Ko ya san an kwantar da kai an yanka, sai ya ce, "Ka yi sa'a, an yi maka sauƙi. Allah ya sa a kashe lafiya." Ciniki ya riga ya faɗa, ba a ɓata wa mutum sabon abinsa. Tambayar rabin ladabi ce, amsar da ke biyo bayanta ita ce ɗaya rabin.

Ranar da na ɗauko shi daga Paris, a cikin jirgin ƙasa, ya ga kwat a jikin wani Bature da ke gefensa. Ɗinkin ya burge shi, ya nuna hannun rigar ya ce, "Combien?" Baturen ya dube shi kamar an tambaye shi sirrin ɗakinsa, ya juya ga taga. Na ce, "Baba, nan ba a tambayar kuɗin abu."

Ya ce, "To da me suke yaba wa juna?"

A jirgin ruwa na samu amsar. Yawancin fasinjojin tsofaffin Faransawa ne da suka yi ritaya. Ba wanda zai ce maka nawa ka biya, Allah ya kiyaye, su masu tarbiyya ne. Sai dai su ce wane bene kake, tagarka tana buɗewa, ta wace hanya ka yi rajista, tun yaushe. Kafin a kawo miya sun gama auna aljihunka, suna murmushi da bakin da bai buɗe ba. Mu da muke bene na sama kuwa, baƙar mace mai ɗankwali da tsoho mai babbar riga, sau uku wata tsohuwa tana tambayata ko gasa muka ci. Na raina wannan kunyar tasu ta ƙarya, amma aƙalla ba ta kai kunnen Baba ba, don Faransancinsa bai wuce na ciniki ba.

Kwana biyun farko na samu abin da na biya. Baba ya gano doguwar kujera a saman jirgi. Bayan azahar sai ya miƙe a kai, ya rufe fuska da hula, gonakin inabi suna wucewa ta gefe bai ma san ana yi ba. Awa uku yana minshari. Ina zaune kusa da shi da littafi a hannu, ban karanta ko shafi ba, kallonsa kawai nake. Hannayensa a kan ciki, a sake, ba su riƙe da komi. Ban taɓa ganinsu haka ba.

A rana ta biyu da la'asar mutumin nan da nake canja wa kujera ya ji muna Hausa. Ɗan wajen Maraɗi ne, shekara ashirin a Paris, ya zo da matarsa, wata baiwar Allah da ba ta cika magana ba. Waya biyu gare shi, yana jera su kan tebur kamar kayan talla. Aikinsa ya ce "consultant", har muka rabu ban gane wa yake ba shawara ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya samu wanda zai yi hira da shi ban da ni. Shi da kansa ya ce su dawo teburinmu.

Tun a cin abincin farko na gane irinsa. Ba abin da ya taɓa saya a kan kuɗinsa na gaskiya. Agogonsa promo, wato rangwame, takalminsa promo, tikitin Yamai ya san ranar da ake samunsa rabin kuɗi. Duk wanda ya biya cikakken kuɗin abu wawa ne a wurinsa, kuma bai iya ganin wawa ya ƙyale shi ba. Bai ɗanɗana abinci ya ce ya yi daɗi, sai dai ya ce a Paris farantin nan ero kaza ne.

Rana ta uku, muna cin kifi da rana, ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ƙanwata, wai nawa kuka biya ne?"

Na ce, "Alhaji, wurin aiki ne suka ba mu."

Ya yi dariya. "Haba, Madam. Wane wurin aiki? Franchement, ba patron ɗin da ke ba da wannan. In sun yi ƙoƙari su rage miki ɗari da hamsin."

Na yi masa kallon da ko yaron goye zai gane. Matarsa ta taɓa masa hannu. Ko a jikinsa. Ya jawo katin ɗakinmu da ke kan tebur ya duba lamba.

"Pont supérieur, bene na sama! Kuma tun da wuri kika yi réservation, ko? Kash." Ya ɗauki waya ɗaya yana dannawa. "Ga shi nan. Dubu da ɗari huɗu, mutum ɗaya. Ni nawa kike jin na ba su? Ɗari shida. Dernière minute, kwana huɗu kafin tashi. Jirgi ɗaya, kifi ɗaya, voilà."

Har nan da sauran dama, don ero ba ya shiga kan Baba, lamba ce kawai a wurinsa. Amma mutumin bai gama ba. Ya ɗauki waya ta biyu, ya buga lissafi, ya juya fuskarta ga mahaifina.

"Baba, ka ga, a sefa jika ɗari tara ne, dubu ɗari tara da ƴan kai, kai kaɗai. Ku biyu miliyan biyu ba kaɗan. An cuci ƴarka, wallahi. Da ni ta tambaya."

Baba ya daɗe yana duban wayar. Sannan ya goge hannu da tsumma, ya dubi mutumin ya ce, "Ka yi sa'a, Alhaji. An yi maka sauƙi. Allah ya sa a sauka lafiya."

Mutumin ya washe baki ya ce amin. Bai ma san an koya masa abin da ya kamata ya faɗa ba. Shekara ashirin a Paris bai ɗauki shirun Faransawa ba, ladabin gida kuma ya riƙe tambayar ya yar da sauran.

Da muka koma ɗaki Baba ya zauna bakin gado. Na tsaya jikin ƙofa ina jiran faɗa. Da ma faɗan ya yi.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "gaskiya ya faɗa?"

Na ce gaskiya ne.

Ya ɗaga kai sama, leɓɓansa suna motsi. Mutumin kasuwa ne, ba ya neman waya. "Kwana shida. Kowace rana jika ɗari da hamsin. Kowace awa jika shida da wani abu." Ya sauke kai ya dube ni. "Ina ɗinka riga jika uku. Barcin da na yi jiya da rana, riga shida ke nan."

Na ce, "Baba, don barcin na biya."

Ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ya tashi ya yi alwala.

Daga ranar bai sake hawa doguwar kujerar ba. Ya karɓi takardar tsarin tafiya ya ce in karanta masa, duk abin da ke ciki sai an yi da shi. In jirgi ya tsaya aka ce za a zaga gari, shi ne na farko a bakin matakala. Ya hau tudun wani tsohon gari da ƙafa, yana tsayawa yana dafa bango. A Avignon ya bi matakalan wata tsohuwar fada ɗaya bayan ɗaya, a bayan mai jagora da ke zuba Faransancin da bai ji ko kalma. In jirgi ya shiga madatsar da ake rage ruwa a saukar da shi, yana tsaye riƙe da ƙarfe daga farko har ƙarshe. Abinci ma, shi da bai wuce loma kaɗan, sai ya cinye duk abin da na ce masa ya halatta, har cukun da na san warinsa yana tayar masa da zuciya. Bayan azahar in ga idonsa yana rufewa a tsaye, in ce ya je ya kwanta, ya ce bai jin barci.

Wanda ya gaje kujerar kuwa shi ne mai waya biyu. Kullum yana kai, baki buɗe. Na same shi a rana ta biyar na ce, "Alhaji, ka san abin da ka yi kuwa?"

Ya ce, "Ƙanwata, ido na buɗe miki. La prochaine fois, in za ki sake, ki kira ni, in nuna miki site ɗin a intanet." Ya hango Baba can gaba yana tsaye cikin rana, ya ƙara da cewa, "Amma tsohon yana da ƙarfi, ma sha Allah. Yana profiter sosai, yana morar kuɗinsa."

Na juya na bar shi a kan kujerar. Ba mugu ba ne, da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Mutum ne da Allah ya ba ilimin kuɗin komi ya tsaya nan. Daga baya matarsa ta same ni ita kaɗai ta ba ni haƙuri. Ta ce ɗakinsu a ƙasa yake, jikin inji, tagar ba ta buɗewa, shi ya sa yake rama barci a sama. Na yi zaton jin haka zai sanyaya mini rai. Bai sanyaya ba, don ƙafafun Baba sun riga sun kumbura, sai da ya koma sa silifa.

Da safiyar rana ta shida muka iso Lyon. Mutumin ya yi wa Baba sallama mai tsawo, ya miƙo mini katinsa. Na karɓa don idon mahaifina, na jefa a kwandon shara na farko da muka wuce.

Muna jiran tram, jirgin cikin gari mai zuwa Bron, Baba ya zauna a kan akwati yana murza gwiwa. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja, fuskarsa ta faɗa fiye da ranar da na tarbe shi a Paris.

"Uwata, na ga komi," ya ce. "Ban bar musu ko ɗaya ba. Kuɗinki bai tafi banza ba."

Na ce na gode, Baba.

Tram ya zo muka shiga. Ya tambayi kuɗin tikiti, na ce ero biyu, ya juya shi sefa a ransa ya gyaɗa kai. Kafin tasha ta uku kansa ya faɗo kan kafaɗata, hular ta zame, ya fara minshari. Da muka iso tasharmu ƙofa ta buɗe, ta rufe, ban motsa ba. Na bar shi har ƙarshen layi.