Kek ɗin Nana

Har yau ban manta da ranar da Isiyaka na Sunke ya kawo mini wayarsa ba. Ranar kasuwa ce, cikin damina, shekara huɗu bayan gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukanmu. Lokacin ina aiki a shagon Alhaji Bello a Anka: cajin waya, tura waƙa da fim, tura wasanni. Injiniya ake ce mini, don tsiya, tunda kowa ya san a aji biyu na bar sakandare. Shekara tara na yi a kan bencin nan, ko sannu Alhaji bai taɓa yi mini ba.

Ku da kuke koyon aikin yanzu, ga ƙa'ida: wayar mutum ba taka ba ce. Abin da ba ka gane ba, kada ka taɓa.

Isiyaka manomi ne da ya taɓa haƙar zinari. A tsakar gidansa ake daka dutsen, ƙurar kuma ta kashe masa 'yarsa Nana tana da shekara uku. Da sauran kuɗin zinarin ya sayi wayar. Ni na tura masa wani wasa da ake gina gida a ciki, a zuba mutane, a ba su abinci, a kwantar da su. Ba ya karatun boko, hotuna yake bi. Ashe ya gina gida mai ɗaki biyu da bishiya, ya yi mutum da matarsa, ya yi 'yar yarinya mai jan riga. Ba sai an gaya mini sunanta ba.

Ya ce, "Injiniya, duba min wanga abu. Kwana shida yana bisa kanta, ya ƙi tahiya."

Na duba. Wani ɗan hoto ne yake lilo a saman kan yarinyar: kek, an soka masa kyandir, wuta tana ci. Akwai Turanci a ƙasa. Na haɗa baƙaƙen da ƙyar, na gane ranar haihuwa ake nufi. To me ya haɗa ranar haihuwa da wuta? Mu suna muka sani, rago da goro.

"Wuta bisa abinci, kusa ga ɗiya," in ji shi. "Ko ciwo na? Ko wani abu za ya same ta?"

Alhaji yana zaune yana cin gyaɗa. Ya ce, "Garba, danna masa ya tafi, mutane na jira. Wasan yara ne za ku zauna kuna yi wa tafsiri?"

Na ce, "Alhaji, wasan nan da kansa yake ajiye abin da aka yi. In na danna, babu komawa."

"To sai me? Ka zana masa wata."

Isiyaka ya miƙo hannu zai karɓi wayarsa. Na ce ya zauna.

Akwai wata tsohuwar waya a shagon mai tsagaggen gilashi, da ita muke gwaji. Na kwafe wasan da duk abin da ke cikinsa zuwa cikinta, gidan, bishiyar, yarinyar. Kafin ya gama shiga hadari ya haɗo, ruwa ya sauko, masu jiran caji suka watse zuwa rumfuna. Alhaji ya ja hula ya rufe fuska. Muka rage mu biyu a kan benci, kwano yana kiɗa a samanmu.

Na ce, "Taka tana hannunka, ba abin da zai taɓa ta. Wannan ta gwaji ce."

Na danna kek ɗin.

Uwar ta ɗauki yarinyar ta kai ta bakin tebur. Yarinyar ta hura wutar ta mutu. Sai wasu ƙananan taurari suka zubo suka lulluɓe ta, ta juya sau ɗaya, a hankali, kamar ana juya ta a cikin ruwa. Da hasken ya washe, babu mai tatata. Wata yarinya ce tsaye, doguwa, siririya, da jakar makaranta a baya. Jan rigar dai tana nan. Ta dubi hannayenta, ta yi tsalle, ta fita da gudu ta zagaya bishiyar.

Na ce, "Ba ciwo ba ne. Girma ne. In ka danna, ta girma."

Ban san ko ya ji ni ba. Ya karɓi tsohuwar wayar da hannu biyu. Ruwa yana ɗiga daga kwano a kan kafaɗarsa bai matsa ba. Yarinyar ta shiga ɗaki, ta fito, ta zauna tana karatu. Ni kaina na manta a shago nake. Sai nake ganin kamar in na leƙa waje zan ga irinsu sun cika hanyar Sunke, da allo, da jaka, duk yaran da muka binne a shekarar gubar.

Can ya ce, "Ta yi tsawon uwatta."

Da ruwa ya tsagaita na ce, "To, a danna a taka?"

Ya daɗe yana kallon wayoyin biyu. Ya sa tasa a aljihu.

"Wagga ta Innar Nana ce. Kullum sai ta ba ta abinci kahin ta ci nata. Ba ta shirya ba." Ya miƙo mini mai tsagaggen gilashin. "Wagga kau ka aje min."

Da Alhaji ya tashi sayar da tsofaffin wayoyi, na ce masa wannan ta mutu. Ƙarya na yi, ban kuma yi nadama ba. Duk ranar kasuwa Isiyaka yakan zo, mu gaisa, in miƙa masa, ya zauna a ƙarshen benci ya ga ta tafi makaranta ta dawo, ya tashi.

Aikin nan bai ba ni gida ba, bai ba ni mutunci ba. Abu ɗaya ya koya mini: mutum yakan miƙo maka waya, kai kana ganin roba da gilashi, ba ka san wa ke zaune a ciki ba. Ku gwada a wata wayar tukuna.

Na bar shagon tuni, amma wayar tana wurina, ina yi mata caji. Kwanaki wani kek ɗin ya fito a kan yarinyar. Ban taɓa ba. Ina jiran ubanta.