Dama Yana Ja

Duk wanda ya zauna da Kawu Ilu a unguwar Utaiƙa ta Riyad ya san ba a kiransa a waya. In ka kira, sai ya bari ta gama ruri, sannan ya turo maka kalma biyu: "Rubuto min." Wai shi ba ya son maganar da ba ta da shaida. Gaskiyar lamarin, ƙarar inji ce ta cinye masa kunne tun yana gyaran jiragen ruwa a Yawuri, amma har ya koma ga Allah bai taɓa amsa hakan ba. Ka ce, "Kawu, an kira salla," ya ce maka, "Na ƙoshi."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya kawo ni Riyad. Kafilinmu ɗaya, wato ubangidan da muke aiki a ƙarƙashinsa, wani attajiri, Abu Nasir. Ni direba, Kawu kuwa mai gyaran duk abin da ke da inji.

Rana ɗaya Abu Nasir ya sayo jirgin ruwa, a garin da ko rafin kirki babu. Irin jirgin nan ne marar farfela: yana zuƙar ruwa ta ƙasa ya feso shi ta wani bututu a baya, sitiyari kuma bututun yake juyawa. Duk Alhamis in ja shi a bayan mota awa huɗu zuwa teku a Khubar, Asabar in dawo da shi. Tun fitar farko, da ka sassauta sitiyari sai ya fara zamewa hagu.

Abu Nasir ya kira Kawu. "Ya Ilyas, kai ka ce ka san jirgi. Iƙamarka saura mako shida. Ya miƙe, in sabunta maka. Bai miƙe ba, halas, huruj." Wato a ƙwace katin zama, a sallame shi gida ba dawowa. Wannan kam Kawu ya ji shi tsaf.

Na ce ya bi mu tekun ya gani da idonsa. Ya ce, "Ni ba na gaisawa da ruwan da ba a sha."

Ina can bakin teku, igiya a hannu, sai ga saƙonsa: "Ina yake ja, kuma tun yaushe?" Da jiƙaƙƙen yatsa na amsa tambayar ƙarshe na ce, "Dama yana ja." Nufina, haka yake tun da aka sayo shi. Na jefa wayar a aljihu.

Da muka dawo ya shige ƙarƙashin jirgin, ya zaro wata leda daga ragar da ke zuƙar ruwa. Ya wanke ta, ya shanya, washegari na ga burodinsa a ciki. Sannan ya tambayi wa ke zama a ina. Na ce akwai surukin Abu Nasir, mutum ne mai jiki, masha Allah.

"A mayar da shi hagu."

"Hagu fa, Kawu?"

"Kai ne makaniken ko ni?"

Na isar da saƙo. Aka mayar da bawan Allah hagu, saura ƙiris mu kife.

Daga nan Kawu ya koma kan wayar sitiyari. Ya kwance noti, ya murza zagaye biyu, ya ɗaure. Na rubuto daga Khubar, "Ya ƙaru." Ya ƙara biyu. Mako na gaba na rubuto, "Ya ƙaru sosai." Ya ce jirgin taurin kai ne da shi, ya sake ƙara biyu. A fita ta gaba ba mu je ko'ina ba. Zagaye muka yi ta yi a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke, baƙin Abu Nasir na amai, masu kamun kifi na ɗaukarmu a waya.

Kada ku ce ban yi magana ba. Ɗaki ɗaya muke kwana. Na tsaya a gabansa na ɗaga murya na ce hagu yake ja, har da nuni da hannu. To da yake fuskantarsa nake yi, hannuna na hagu yana ɓangarensa na dama. Ya dubi hannun ya ce, "Na gani, ai ba makaho ba ne ni."

Raina ya ɓaci ƙwarai a makon nan. Har na ce masa a shekarunsa me ya rage, ya bari a sallame shi mana ya je Yawuri ya huta. Ya ci gaba da goge sifana, kuma na san wannan ma ya ji.

Saura kwana huɗu katin ya mutu, na same shi zaune cikin jirgin a kan tirela, rana na dukansa, ya riƙe sitiyari yana kallon katanga. Na hau na zauna gefensa, muna fuskantar gaba tare. Na kama hannunsa na karkatar da shi hagu. Ya dube ni. Na sake karkatarwa.

Ya ciro waya, ya yi ta ja har ya kai saƙona na farko, ya kara min a hanci. "Karanta."

"Dama yana ja."

"To?"

"Kawu, da ma nake nufi. Tun farko."

"Me?"

Na karɓi wayar na rubuta masa, na raba kalmar biyu. Ya daɗe yana kallo. Na ɗauka yau dai zan ji Kawu Ilu ya ce ya yi kuskure.

"Daga nan har Khubar," in ji shi, "duk fili ne, ba gida ba bishiya. Kai fili ɗaya tak ka kasa bari tsakanin da da ma."

"Mako uku ina maka ihu!"

"Wa ya aike ka ihu? Cewa na yi ka rubuto."

Wallahi da ba yayan uwata ba ne, da na sauka na bar masa jirgin. Ya sa na riƙe sitiyari a tsakiya, ya ja zare daga tsakiyar gindin jirgin ya auna bututun. Ya mayar da zagaye shidansa, ya ƙara biyu ta ɗaya ɓangaren. Kafin la'asar an gama. Ranar Alhamis jirgi ya miƙe sambal, Abu Nasir ya saki sitiyari yana tafi, a nan cikin ruwa ya sabunta katin ta waya. Na rubuto wa Kawu albishir, ya amsa da "Ledar ce."

Lahadin da ta biyo baya ya ce in kai shi maƙabartar Al-Ud. Na san a Riyad matarsa, Inna Hajara, ta rasu, shekaru kafin in zo, amma bai taɓa kai ni ba. Kun san kaburburan can, ba suna ba rubutu, tudun ƙasa ne da duwatsu, duk iri ɗaya. Daga ƙofa ya fara ƙirga taku a fili, ya juya, ya sake ƙirgawa, ya tsaya.

"Nan take," ya ce. "Duk duniya ni kaɗai na san nan ne. Da an sallame ni, shi ke nan." Na ciro waya, ya dafe min hannu. "Wannan kam kada ka rubuta. Riƙe shi a ka."

Ya sa na koma ƙofa na ƙirgo sau uku yana tsaye yana kallona. Kunya ta kama ni, na tuna abin da na ce masa na ya tafi ya huta.

Bai kai ga sabunta wani katin ba. A wata maƙabartar ta bayan gari aka samu wuri aka sa shi, nesa da ita. Yanzu ni ke zuwa duka biyun.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa da na Inna Hajara, ya haɗa su a Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.