Ku Mayar wa Anti Zauna-Tukuna da Ɗakinta

Kullum da safe, kafin masu shara su gama goge barandar asibiti, za ka gan ta ta shigo da jaka a kafaɗa da takalminta da ya sha tafiya. Ba ta fara zuwa teburinta. Ɗakunan marasa lafiya take bi, kuma ba na kan gado take fara dubawa ba, su suna da likita. Masu jinya take dubawa: wadda ta kwana a tabarma ƙarƙashin gado, da wanda ya yi tagumi a bakin taga, da tsohon da aka sallama tun jiya ba wanda ya zo ɗaukarsa. A wurin hukuma sunanta ma'aikaciyar walwalar jama'a. Mu kuwa Anti Zauna-Tukuna muke ce mata, domin ko da wuta ka zo mata a kanka, abin da za ta fara ce maka ke nan, ta turo maka kujera.

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce kada a zuba wa maganata sukari. Jinjina na zo yi wa baiwar Allahn nan, amma raina a ɓace yake, don an ƙwace mata ɗakin da take ganin mutane an mai da shi sito, ita kuma an fito da teburinta baranda kamar mai talla. Ɗakin nake so a mayar mata. Bari in faɗa muku dalili.

Shekarar da maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki aka kwantar da shi a asibitin nan, ni kaɗai nake juya shi, in wanke shi, in ba shi abinci a baki. Na haifi maza, kowanne da gemunsa da matarsa, amma sai su zo su tsaya a ƙafar gado su ce, "Sannu Baba, Allah ya ƙara sauƙi," su duba waya su tafi. Ran da aka ce an sallame mu, na tuna mutumin nan ya fi ni nauyi, bayana kuma ya riga ya ƙage, sai na buɗe baki na zazzage wa wata nas abin da ba ita ta jawo ba. Ina cikin yi na ji an dafa mini kafaɗa.

"Mama, zo ki zauna tukuna."

"Ban zo zama ba! Ke kuma wace ce?"

"Ni ce wadda za ki ƙarasa wa faɗan. Amma a ɗakina, can akwai ƙofa."

Ɗakin ba wani abin kallo ba ne. Kujeru biyu suna fuskantar juna, tebur an ture shi gefe, taga da labule, sai fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Ta rufe ƙofa, ta zauna, ta ce, "Shi Baba ke kike kula da shi. Ke kuma wa ke kula da ke?" Tunda aka kawo ni gidan miji ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Abin da na faɗa mata ranar ba zan faɗa muku ba. Ya zauna a ɗakin, kuma har yau ban ji shi a bakin kowa ba.

Washegari ta tara mini 'ya'yana a ɗakin nan, aka gunguro mahaifinsu a keken marasa lafiya. Babban ya fara duba agogo, ya ce, "Anti, ni fa ina da aiki."

Ta ce, "Ita kuma mahaifiyarka hutu take yi?"

Bai sake duba agogon ba. Kowa ya shiga tsara yadda za a yi da Baba, a kansa, kamar buhu ake shawarar inda za a ajiye. Sai ta durƙusa a gaban kekensa ta ce, "Baba, kai me kake so?" Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar take fita, amma ta jira. Ya ce a riƙa fito da shi ƙofar gida da yamma wurin abokansa, kuma namiji ya riƙa yi masa aski da wanka, ya gaji da jin kunyata. Nan kowane ɗa ya ɗauki ranarsa. Bayan mun koma ta biyo mu har gida, ta sa aka rushe dandamalin bakin ƙofa don keke ya wuce, aka matso da gadonsa kusa da banɗaki. Har Allah ya karɓi abinsa bai rasa zaman ƙofar gida ba.

Ke ce, Anti, kika mayar wa mutumin nan da girmansa lokacin da na cikinsa ma suka manta yana da baki.

Autata tana wurin duk aka yi wannan. Da ta gama sakandare ta ce ita aikin walwalar jama'a za ta karanta a jami'a. Yayanta ya kwashe da dariya ya ce, "Yanzu tausayi ma sai an yi masa digiri?" Ni ma da farko na ɗauka wasa ne. Sai yarinya ta riƙa dawowa da littattafai masu kaurin bulo: dokar da ta shafi yara, halin mai ciwon ƙwaƙwalwa, yadda ake shiga gidan da ake rigima ba a ƙara hura wutar ba. Kuma karatun ba ya kammala a aji. Dole a tura ɗalibi wurin wanda ya daɗe a aikin ya koya a gabansa, in bai yi ba babu digiri. Shekara da shekaru jami'a wurin Anti take turo nata, Auta ma can aka tura ta.

Ta dawo ran farko fuska a murtuke. Wai wata mata ta fara ba da labarinta, ita kuma Auta ta katse ta da shawara. Da matar ta fita Anti ta ce, "Shawararki mai kyau ce. Saura ki ji matsalar." Na ce Alhamdulillahi, an samu mai rufe miki baki, ni na kasa. Yanzu in ina magana yarinyar nan har ƙarshe take saurara. Ashe shiru ma koyonsa ake yi.

To, wannan ɗakin ne aka wayi gari an cika da karyayyun gadaje da kwalayen safar hannu, aka sa masa kwaɗo. Aka ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan har gizo-gizo ya yi saƙa a kwaɗon. Teburinta yanzu yana dab da layin karɓar magani, inda kowa kunnensa a miƙe yake. Da idona na ga wata mai goyo ta zo ta zauna, gefen fuskarta a kumbure. Anti ta ce, "Me ke tafe da ke, ƙanwata?" Matar ta waiwaya, ta ga layi duk ya juyo, ta ja mayafi ta ce, "Ba komai, hanyar fita nake nema." Ta miƙe ta tafi. Anti ta bi ta da sauri, da gwiwarta mai ciwo, har bayan wurin wanki inda ake shanya zannuwan gado. A can, tsakanin zannuwa, cikin rana, a tsaye, ta saurare ta. Wannan an cim mata. Waɗanda suka leƙo suka juya ba a gan su ba fa?

Malamar su Auta ta zo daga jami'a duba ɗalibanta, ta ga inda suke zaune, ta ce abin da suke fara koya wa ɗalibi shi ne rufe sirrin mutane, ba za ta turo yara su koye shi a baranda ba. In ba a samu ɗaki ba, daga wannan zangon an daina. Auta ke nan za a raba ta da Anti a shekararta ta ƙarshe. Ita kuma Anti ritaya ta matso, za ta tafi da abin da ta sani ba wanda ta damƙa wa.

Ke ma, Anti, ina da faɗa da ke. Kin iya tsaya wa kowa, kin iya tare babban likita a kan marayan da ba ki sani ba, amma a kanki sai ki ce, "Mama, a yi haƙuri, za a gyara." Haƙurin nan naki shi ya sa suka ga ɗakinki ne mai sauƙin ɗauka.

Ni da ba ni da irin haƙurinta, na je na tare shugaban asibitin a barandar nan, gaban layin magani. Na ɗaga murya na fara jero masa. Ya waiwaya hagu da dama, ya ga jama'a sun zuba ido, ya sassauta murya ya ce, "Haba Mama, mu shiga ofis mana. Irin wannan magana ba a yinta a gaban mutane."

Na ce, "Au! Ashe kai ma ka sani?"

Layi ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya kalli teburin Anti, ya kalli kwaɗon, ya ce za a kwashe kayan. Na ce yaushe? Ya ce kwanan nan. Jiya na leƙa, kwaɗon yana nan.

Na ji ana shirya mata walimar ritaya da allon yabo mai ƙyalli. Ku riƙe allonku, ku ba ta makulli. Ku kuma da kuka taɓa kuka a ɗakin nan, na san kuna da yawa, don ina ganinku kuna fitowa kuna goge ido, ku fito ku yi magana. Ba sai kun faɗi abin da ya kai ku ba. 'Yan makaranta masu karatun nan, ku dube ta da kyau, haka ake yi: a zaunar da mutum, a rufe masa ƙofa, a ji shi har ya gama.

Anti, na gode. Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mana, ya ba gwiwar nan lafiya. Gobe da safe zan koma ƙofar ofishin shugaban da kujerata, kuma ba zan tashi ba sai na ga an buɗe kwaɗon nan. Ke kika koya mini zama.