Baba Garƙame da Rautar Auta

Duk layinmu babu ƙofar ƙarfe, babu taga, babu murfin rijiya da bai bi ta hannun Baba Garƙame ba. Mai walda ne tun yana da gashi a ka. Sunan kuwa ba iyayensa suka sa masa ba, 'yan layi ne suka raɗa, kuma ya ci sunan. Mutum ne da bai yarda wani abu ya kwana a fili ba. Mitar wutarsa tana cikin keji. Famfon tsakar gida yana da hular ƙarfe da kwaɗo. Ƙwan fitilar ƙofar gida ma sai da ya yi masa raga, har masu wucewa kan tambaya wane laifi ƙwan ya yi aka ɗaure shi. A da in ka tsokane shi, sai ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi ya ce, "Ɓarawo ba ya aiko da sallama," ya sauke gilashin ya ci gaba da tartsatsinsa.

Maiɗakinsa ce kaɗai ke iya masa. Takan leƙo shago ta ce, "Malam, saura ni. Zo ka auna ni ka yi mini nawa kejin." Shi kuma ya ce, "Ke ai wanda ya sace ki da ƙafarsa zai dawo da ke kafin la'asar." Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari.

Da ta rasu, babu wanda ya ga hawayensa. Ya karɓi gaisuwa, ya ce amin inda ake cewa amin, da mutane suka watse ya buɗe shago. Sai dai mutumin da ya buɗe shagon kamar aro aka yi shi. Ka tsokane shi ya ce "to." Ka ce masa rana ta fito daga yamma ya ce "to." Shayi yakan huce a gefensa har ƙudaje su yi taro a kai. Ba ciwo yake ji ba, shi dai komai ya zame masa kamar ana magana a ɗakin maƙwabta: yana jin sautin, bai san me ake cewa ba, bai kuma damu ya sani ba.

'Ya'yansa biyu ne. Babban, wanda ake kira Akawu saboda aikin ofis, ya ce maganar ta ƙare, Baba zai koma wurinsa, can hawa na sama inda ko guduma ka ɗaga sai na ƙasa sun kai ƙara. Auta kuwa, nas ce a wata ƙasa mai nisa, ta ce a'a, raba tsoho da shagonsa kamar cire kifi daga ruwa ne. Aka ja, aka ja, aka tsaya a kan cewa za a sa masa intanet a gida. In tana ganin fuskarsa kullum a kiran bidiyo, ya zauna. In ba ta gani, Akawu ya zo da mota. Baba yana zaune aka yanke, ya ce "to."

Akawu ya kawo rauta, na'urar intanet ɗin, a kwali. Wata 'yar farar aba ce mai ƙahoni biyu. Ya zura mata layi a baya, ya jona ta a soket, ya tsaya yana kallon fitilunta har jar ta koma kore. Ya juya ta ya kwafi lambar sirrin da ke manne a gindinta ya zuba a wayar Baba, ya nuna masa wata alama kamar buɗaɗɗen mafici a saman wayar.

"Baba, ka ga wannan? In tana nan, Auta za ta same ka. Kar ka kashe, kar ka zare. Ka dai kula da ita."

Nan fa Akawu ya yi kuskure, shi da ya tashi a gidan. Ka ce wa Baba Garƙame ya kula da abu?

Bayan tafiyarsa Baba ya zauna yana kallon abar a kan tebur, dab da taga, tsirara, ko ɗan ƙyalle babu. Bai yi wani tunani ba. Hannunsa ne ya je ya ɗauko awo. Ya yanko farantin ƙarfe mai kauri, ragowar ƙofar wani shago, ya lanƙwasa, ya haɗa kusurwa, ya bi kowace gaɓa da walda har ko iska ba ta ratsawa. Ya huda rami guda ɗaya daidai kaurin wayar wuta. Ƙahonin suka hana murfi rufuwa, sai ya kwantar da su. Ya kafe akwatin a bangon sito, bayan tsofaffin tayoyi, ya sa kwaɗo, ya ƙara makullin a zoben da ke ƙugunsa. Aikin ya yi kyau, gaskiya. Tun rasuwar bai yi walda mai tsafta irin wannan ba.

Mafici ya ɓace daga wayar. Baba bai lura ba.

Auta ta kira ta bidiyo, shiru. Ta sake, shiru. Ta bi ta layin waya, muryarta tana yankewa.

"Baba, ka kashe rautar ne?"

"Tana nan."

"Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Ko ƙura ba ta taɓa ta."

Bai ɓoye komai ba. Shi a wurinsa babu abin faɗa, wa ke ba da labarin ya rufe ƙofa? Kwanaki suka tafi a haka. Akawu ya ce ai dama ya faɗa, tsoho zarewa yake yi da gangan, ko kuma kan ne ya fara taɓuwa. Ya ce ranar hutunsa zai zo da a-kori-kura. Auta ta amince, don ita ta sa sharaɗin da bakinta.

Da safen ranar aka turo ƙanwar marigayiya ta haɗa kaya. Inna Rediyo ake ce mata, kuma babu wanda ya taɓa gano inda ake rage mata murya. Ta shigo da buhuna tana yi.

"Mijin Yaya, ashe yau za a kai ka sama? Ka gode Allah, mutane sai sun mutu ake ɗaga su. Wannan rigar tafiya za ta yi ko a ba masu goge mota? Kai, kana ji na kuwa?"

"To."

"To ɗin me? Ina abar da aka ce ta ƙi aiki? Kawo in gani, ni ma a gidana akwai irinta, jikokina sun mayar da ni injiniya."

"Tana ajiye."

Inna ta duba tebur, ta duba saman firji, ba ta gani ba. Ta ɗauki kwalin ta kira lambar kamfanin da ke jiki, ta sa a sifika. Wata mata mai sanyin murya ta ɗauka, ta ce a je kusa da na'urar a faɗa mata kalar fitila. Baba ya tashi ya nufi sito, Inna tana biye da waya a hannu. Ya tsaya gaban tayoyi.

"Baba, wace kala kake gani?" in ji matar kamfani.

"Ba na ganin fitila."

"A kashe take ke nan?"

"A kulle take."

"A kulle kamar yaya, Baba?"

Inna ta ture taya ɗaya da ƙafa. Ta ga akwatin. Ta dubi kwaɗon, ta dubi Baba, ta zauna daɓas a kan taya tana dariya har mayafinta ya zame.

"'Yar nan, yi haƙuri, kashe wayarki. Ba laifinku ba ne. An yanke mata ɗaurin rai da rai ne." Ta share ido. "Mijin Yaya, abar nan ta iska take magana! Ka toshe mata baki da hanci, ka karya mata ƙaho, ka ce ta kira maka 'yarka? Kawo makulli."

Ya daɗe yana laluben zoben. Makullai sun yi yawa, duk kuma kamarsu ɗaya. Da murfin ya buɗe, ga ta nan a kwance da ɗumi kamar burodin safe, koren fitilarta yana ci, ita kaɗai cikin duhu. Ashe duk kwanakin nan tana aikinta. Inna ta fito da ita, ta miƙar da ƙahonin, ta mayar da ita kan tebur. Wayar da ke aljihun Baba ta hau kuka ba ƙaƙƙautawa, saƙonnin da suka taru suna shigowa kan juna. Kafin su gama, kira ya shigo.

Auta ce, da kayan aiki a jikinta. Baba ya kai wayar kunne. Inna ta fizgo hannunsa ta riƙe masa a gaban fuska.

"Ba haka ake yi ba, malam. Nuna mata hancin."

Auta ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ga gemun da ba a taɓa ba. Ta ga buhunan Inna a bayansa. Inna kuwa tana ta zuba labarin akwati daga gefe, har da kwaikwayon muryar matar kamfani, amma Auta ba ta yi dariya ba. Shi ma yana kallonta. Ya ga ta yi kama da uwarta ta wajen goshi. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, kamar yadda ake jiran wuta in an ɗauke. Bai ji ba.

A waje aka yi hon. Akawu ya shigo, a-kori-kura tana jira a ƙofa, ya ga rauta a tebur, ya ga fuskar ƙanwarsa a waya, ya tsaya.

"Baba," in ji Auta, "ni da Yaya mun yi ta magana a kanka. Kai fa? Kana so ka zauna ko ka tafi?"

Baba ya dubi ƙasa. Tambayar ta yi masa nauyi kamar an ce ya ɗaga ƙofar gareji shi kaɗai.

"Ban sani ba," ya ce. Can ya ƙara, "A nan injina yake."

"Yaya, ka ji. Ga shi ina ganinsa. Sallami mai motar."

Akawu ya ce abin da aka gano yau ai shi ne hujjarsa, mutumin da ya kulle intanet a akwati gobe me zai kulle? Auta ta ce alkawari alkawari ne. Inna ta ce ita za ta riƙa leƙowa, in ya sake yi wa abar keji ita za ta sa shi a ciki. Akawu ya fita yana gunaguni, motar ta juya ba kaya.

Baba Garƙame yana nan a layinmu. Auta tana kira kullum, yawanci goshinsa take gani da silin, ta tambaye shi ya ci abinci ya ce ya ci. Rautar tana kan tebur a fili, an hana shi taɓa ta. Sai ya jawo kujerarsa bakin ƙofar falo, inda ido ɗaya ke kan shago ɗaya kan tebur. In an kira shi aiki a wani layi sai ya ce a kawo ƙarfen nan, ba zai iya barin gida ba kowa ba.