Wayar da ta zagaya bayan katanga

Gidanmu a Matamaye ƙofa biyu gare shi. Ta gaba tana zaure, inda maigidana yake sayar da hatsi, kullum da mutane. Ta baya ƙarama ce, ta langa-langa, kusa da madafata, tana kallon hanyar da ke gangarawa wajen garake, lambunan rake na bayan gari. Ta nan surukina yake fita da fartanya a kafaɗa, ya tafi wajen rakensa, tun kafin a kawo ni gidan.

Da tsufa ya kama Baba, surukin nawa, tunani ya fara ɗauke masa, ƙafa kuwa tana nan da ƙarfinta. Sai ya ci tuwo ya wanke hannu, ya tambayi yaushe za a ba shi abinci. Ni wata rana 'yarsa ce, wata rana ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa, kuma duk wadda ya kira ina amsawa. Abu biyu ne bai manta ba, alwala da hanyar garka. Garkar tuni aka ba wani ɗan'uwa yana nomawa. Amma kowace garka a can da rijiyarta, baki buɗe, daidai da ƙasa. Rijiyoyin nan su ne suka hana ni sukuni.

Mun taɓa sa wa ƙofar kwaɗo, yini ɗaya tak. Baba ya je ya ja, ya sake ja, ya dawo ya zauna a tabarmarsa. Ranar ko fura bai sha ba. Da la'asar ya kira ɗansa ya ce, "Laifin me na yi?" Maigida ya tashi ya cire kwaɗon, ya ce ba zai ƙara kulle ubansa a gidan da uban ya gina ba. Na ji daɗin maganar, amma na san idon da zai yi tsaron nawa ne.

Sai wani abokin maigida ya ba shi shawarar ƙararrawa irin wadda masu shaguna ke sawa a Damagaram don ɓarayi. Ana maƙala wani ɗan abu a jikin ƙofa, da an buɗe sai jiniya ta yi kuka. Aka kirawo mai gyaran wuta, dattijo mai furfura a gemu. Batir yana zaure, inda sola take cika shi. Jiniya kuma dole ta zauna a bangon madafa, inda zan ji. Daga zaure zuwa madafa, in ka ratsa tsakar gida, bai fi taku ashirin ba.

To amma gidanmu ba a shiga. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure, haka Baba ya tsara tun yana da ƙarfinsa, haka ɗansa ya riƙe. Mai gyara bai nemi shiga ba, maigida bai ce ya shiga ba. Sai aka fitar da waya ta ƙofar zaure, ta bi lungu. Da yake katangarmu a haɗe take da ta maƙwabta, sai da ta zagaya gidansu gaba ɗaya kafin ta iso bayan namu. Waya mai kauri da ya zo da ita ta ƙare tun a kwanar farko, ya hau babur ɗinsa ya je kasuwa ya cike da wata siririya kamar zaren saƙa. Ya miƙo jiniyar ta saman katanga, maigida ya kafa ta da ƙusa. Aka gwada da azahar, rana tsaka. Ta yi wani irin ihu da ya watsa kajina har kan rumbu. Kowa ya ce madalla.

Ni ce mai zama da ita, don haka ni na fara lura. Da rana muryarta tas. Da safe kuwa sai ta fito a shaƙe, kamar mai mura. Na faɗa wa maigida, ya ce, "Kunnenki ne, uwargida. Hayaƙin madafa ya toshe shi." Na ce to.

Damina ta faɗi, aka yi kwana uku hadari bai bar rana ta leƙo ba. Da hantsin rana ta ukun ina daka gero, na ji wani ɗan ƙara kamar na ɗan tsako da ya ɓace wa uwarsa. Har na waiga wajen akurki, na ci gaba da dakana. Sai da na kwashe na ɗauki koko zan kai wa Baba, na tarar da tabarma ba kowa, takalmansa ba su nan, ƙofar baya a buɗe.

Ban san lokacin da na zura hijabi ba. Na bi hanyar da gudu, taɓo yana cire mini takalmi, bakina ba abin da yake faɗa sai sunan Allah. Na hango shi tsugune a bakin rijiya, ƙasar ta jiƙe tana santsi, ya miƙa hannu ciki yana laluben igiyar da babu ita. Na tsaya na haɗiye numfashina, don kada in firgita shi. Na ce, "Baba, sannu da aiki."

Ya ɗago ya ce, "Kin kawo gugan?"

Na ce, "Na manto shi a gida. Zo mu ɗauko."

Shekaruna da yawa a gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba don kunya. Ranar na kama hannunsa, ban saki ba sai a tabarma.

Washegari mai gyara ya dawo da na'urarsa ta awon wuta. Ya auna batir a zaure, ina jin sa yana cewa, "Alhaji, ya ɗan sauka saboda hadari, amma sha biyu yake, lafiyarsa lau. Sai an auna a wajen jiniyar." Shi kuma ba damar shiga. Maigida ba ya ganin ƙananan lambobi, tabaransa kuma ya fashe. Na ce daga bayan labule, "A miƙo mini." Na yi kwalej, na san ja da baƙi, ko da yake tun da na bar aji ban ƙara taɓa irin abin ba.

Mai gyara ya zagaya bayan katanga, ni ina ciki a kan turmi da na kife. Ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi. Nawa kika gani?"

"Sha biyu."

"To Alhaji, buɗe ƙofa."

Maigida ya buɗe. Jiniya ta yi kukan tsakonta, lambar ta zube a idona. Na ce, "Ta koma bakwai."

Ya ce, "Shi ke nan. In tana shiru ba ta jan komai, sai ki ga kamar wuta ta iso cikakkiya. Da ta fara ja, doguwar wayar nan siririya take cinye ƙarfin a hanya. Da rana batir a cike yake, abin da ya rage yana isar ta. In ya ɗan sauka, ba ya isa."

Baba yana zaune a inuwa, ban zaci yana ji ba. Sai ya ce, "Haka ruwa yake. In hanya ta yi tsawo, fangalin ƙarshe laka kawai yake samu. A rage hanya, a faɗaɗa ta." Sannan ya dubi ɗansa ya ce, "Wane ne wannan yake magana ta bayan katanga kamar mai neman akuya? Ba ƙofa a gidan? Ka ce ya shigo."

Maigida ya dube ni, na dube shi. Dokar ta Baba ce, ga shi mai ita ya ɗage ta. Na sauka daga turmi na shiga ɗaki na saki labule. Ina jin mai gyara yana sallama a tsakar gida, yana cewa tun ranar farko ya so ya ce zagayen ya yi yawa, nauyin Alhaji ya ji. Maigida ya ce shi ma ya ga wayar kamar ba ta da ƙwari, nauyin gwani ya ji. Suka yi ta dariya. Ni dai a ɗaki ban yi ba, rijiyar nake gani.

Kafin la'asar an ja waya mai kauri daga zaure, ta bi bangon ɗakuna kai tsaye zuwa madafa. Da ya fita aka sake miƙo mini na'urar, maigida ya buɗe ƙofa, lambar ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya.

Tun daga ranar, ko da hadari ko da asuba, muryarta ɗaya ce. Da ta yi kuka sai in aje taɓarya, in rage wuta a murhu, in ɗauki hijabina da yake rataye a ƙusar kusa da ita. Kafin Baba ya kai gindin tsamiyar da ke bakin hanya na cim masa. Ba na mayar da shi. Mukan tafi tare har garka, ni ta wajen rijiya, shi ta wajen rake, yana nuna mini wanda ya isa sara da wanda bai isa ba.

Wata safiya muna dawowa ya tsaya ya ce, "Ke yarinyar nan, kullum na fito sai in gan ki. Wa yake gaya miki?"

Na ce, "Ƙofar ce take gaya mini, Baba."

Ya ce, "To, Allah ya yi mata albarka."

Na ce amin, muka shiga gida.