Malam Tukuna, Wanda Ya Hana Mu Sa Hannu

Shagon da nake aiki yana kallon banki, titi ne kawai a tsakaninmu. Aikina kwafin takardu, don haka duk mai neman rancen sayen gida a wancan ginin sai ya biyo ta wurina da ambulan a hammata. Daga kujerata na yi shekaru ina kallon wani dattijo yana zuwa aiki. Yakan sauka daga motar haya tun masu shara ba su gama ba, ya gaisa da mai gadi gaisuwa ta gaske, har da tambayar yara, ya goge takalminsa a bakin ƙofa ko da babu laka, sannan ya shige. Teburinsa yana can ƙarshe, ƙarƙashin matakala, inda sanyin na'ura ba ya kaiwa. Sauran tebura kujera ɗaya ce a gabansu. Shi kuwa kullum da safe sai ya bi ya tattaro kujeru, wata ta roba, wata ta katako, ya jera su a gaban nasa kamar mai jiran baƙi.

Makon jiya ya yi ritaya. An yi masa ɗan taro, manaja ya yi jawabi da Turancin hanci, aka tafa, aka ɗauki hoto, kowa ya koma kan kwamfutarsa. Ni ban yi nisa a boko ba, a tsakiyar sakandare na tsaya, sauran a kan takardun mutane na koya, ina kwafi ina karantawa. Amma ko ni na gane jawabin nan za a iya karanta wa duk wanda ya yi ritaya a duniya, ba sai an canja komai ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa.

Malam Tukuna ake ce masa, kuma ba don yabo aka sa masa sunan ba. Samarin ofis ne suka laƙaba masa, masu ɗaure wuya da tsumma a tsakiyar zafi. Su idan ka zauna a gabansu, kafin kujera ta ɗau ɗumi an miƙo maka biro. Shi kuwa ka zo da ɗokinka, takardunka sun cika, sai ya dube ka ya ce, "Tukuna."

Na sha ganin waɗanda ya ce wa haka, don wurina suke tsallakowa su huce. Wata malamar asibiti ta taɓa shigowa tana fifita da ambulan ɗinta, ta ce, "'Yar nan, tsohon can lafiyarsa ƙalau kuwa? Na je bankinsu neman rance, ya ce in je in ji na bankin maƙwabta. An taɓa ganin mai shago da ke tura ciniki shagon gaba?" Bayan shekara biyu ta dawo yin kwafin takardar makarantar ɗanta, ta leƙa ta taga ta ce, "Yana nan? Allah ya ja kwanansa. Abokiyar aikina da ta sa hannu a ranar, yau tana ɗakin ƙanwarta da kayanta a buhu."

Namu labarin kuwa ga shi. Tun da na buɗe ido a gidan haya muke. Babanmu ya rasu bai mallaki ko bulo ɗaya ba, abin da ya bari kuɗin sallamarsa ne daga wurin aiki, Mama ta ajiye ta hana kowa taɓawa. Zai isa kafin alƙalamin gida, amma sau ɗaya tak. Idan aka zuba shi inda bai dace ba, ba gida, ba kuɗi, ba kuma wani Baban da zai sake barin wani. Sai mai gidan da muke haya ya aiko cewa ɗansa zai zauna a gidan, mu nemi wuri.

Yayana, wanda shi ne mai albashi a cikinmu, ya samo wani gida a sabuwar unguwa mai ƙofa da mai gadi. Gidan yana da ginshiƙai biyu a gaba waɗanda ba su tallafe komai ba, suna tsaye ne kawai suna kallon titi. Yaya ya nuna mana hoton a waya har batir ya mutu. Bankin ma ya yi tayi mai daɗin ji: shekarun farko biyan wata-wata ɗan kaɗan ne, sai daga baya ya ƙaru. Wannan "daga baya" da ƙananan baƙaƙe aka rubuta shi, irin waɗanda injina ma ba ya fitarwa sosai. Ni na matsa aka je wurin dattijon.

Tambayar farko da ya yi wa Yaya ita ce, "Su wa za su kwana a gidan?"

"Ni da iyalina, da mahaifiyarmu, da ƙanwata."

"To, su zo duka."

"Malam, ni ne fa zan biya."

"Kai za ka sa hannu, ɗana. Biya kuwa kowa zai biya."

A ranar na gane amfanin kujerun. Muka zo muka jeru, ni da Mama da Yaya da matarsa. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya faɗi tsarinsa, wanda babu shi a littafin bankin. Ya ce mu koma gida mu yi wata uku kamar mun riga mun karɓi rancen. Ranar da albashi ya shigo, a cire abin da za a riƙa biya, ba ɗan kaɗan ɗin farko ba, babban na daga baya, a ajiye inda hannu ba ya kaiwa, a rayu da saura. In mun iya, abin da aka tara ya ƙaru a kan kafin alƙalami. In ba mu iya ba, gara mu sani yanzu, tun ba a karɓi kuɗin marigayi ba.

A hanyar gida Yaya ya ce, "Tsohon nan baƙin ciki yake yi. Shi ya sa har yau yake ƙarƙashin bene."

Mama ta ce, "Kai dai yi abin da aka ce."

Muka yi. Wata uku suka cika, kuɗin suna nan ba a taɓa ba. Yaya ya sa aka goge masa babbar riga, ya sayi sabon biro mai nauyi musamman don sa hannu, ya soke shi a aljihun gaba inda kowa zai gani. Muka koma muka jeru.

"Malam, mun ci jarrabawarka."

"Madalla. Tukuna dai. Me ka daina?"

Yaya ya ce ya ajiye mota, yana shiga ta haya. Ya faɗa da alfahari, kamar wanda ya je yaƙi. Malam ya juya wurin matarsa. Ta ce nama ya zama baƙo a tukunya, amma yara ba su yi ƙorafi ba. Ni na ce na daina sayen katin waya, har ƙawayena sun ɗauka na shiga wata sabuwar aƙida. Ya ɗan murmusa. Sannan ya juya da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskanci Mama.

"Hajiya, ke fa?"

"Ni tsohuwa me zan daina, Malam? Dama ba wani ci nake yi ba."

Malam ya zuba mata ido. Yana da wani irin jira, ba ya kallon agogo, ba ya taɓa takarda, sai ka ji shirun ya fi ƙarfinka. Ƙaramar fankarsa ta juya ta dawo, ta juya ta dawo. Mama ta gyara mayafinta.

"Sai dai ɗan maganin nan na hawan jini. Na ga ƙwayar da tsaga a tsakiya, na ce ashe don a raba aka yi ta. Sai kwalin wata ɗaya ya yi mini biyu."

"Tun yaushe?"

"Tun watan farko."

Ciwon kan da take ta fama da shi, muna cewa zafin gari ne. Kwanciyar da take yi da rana, muna cewa tsufa ne. Muna gida ɗaya, muna cin abinci a faranti ɗaya, ba wanda ya lura a cikinmu, ni ma da nake ganin idona a buɗe yake.

Yaya ya ce, "Haba Mama. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ga kana murna."

Ban taɓa ganin yayana ya yi kuka a gaban mutane ba sai ranar. Ya sa hular kansa ya rufe fuska. Malam bai yi masa wa'azi ba, bai ce dama na faɗa ba. Ya tura masa kofin ruwa, ya ce, "Ku tashi ku kai ta asibiti yanzu, ba gobe ba. Gida ba ya gudu. In ta warware ku dawo mu nemi wanda za ku iya."

Likita ya ce da an ƙara 'yan makonni a haka, da wani zancen ake yi.

Baba Malam Tukuna, bari in juyo gare ka, ko da yake na san ba ka son a yi. Kai ne ka san cewa rance ba daga albashi kaɗai ake biyansa ba, daga wanda ya fi kowa kawaici a gida ake cire shi. Kai ne da muka dawo ka dubi Yaya ka ce, "Namu ba zai yi muku ba," a cikin ginin da ke biyanka albashi, manaja yana jiyowa daga sama. Mai gadi ya gaya mini abin da aka faɗa maka a ranar bayan mun fita, da abin da aka saba faɗa maka duk ƙarshen wata idan aka ga wanda ya fi kowa ƙarancin masu sa hannu. Yaran da ka koya wa aiki sun hau bene ɗaya bayan ɗaya, kai kana ƙasa kana jera kujeru.

Ka ce mu zaga wurare, kada mu tsaya a ɗaya. Ka ce kada mu tambayi nawa ne a wata, kowa ya iya amsa wannan da murmushi. Mu tambayi nawa gidan zai tsaya mana ranar da aka gama biya, har da kuɗin lauya da na duba gida da duk wani abin da ake kira ɗan ƙaramin caji. Mu tambaya ko biyan zai iya canjawa bayan an sa hannu, kuma wa ke da ikon canja shi. Sannan ka ce, "Ku tambaye su, in albashi ya makara fa? Ku kalli fuskar mutumin lokacin da yake amsawa."

Mun kalli fuskoki. Wani wuri suka ba mu lemo mai sanyi da kalanda, amma da muka yi tambayar ƙarshe sai saurayin ya ce zai tuntuɓi na sama, har yau yana tuntuɓa. Wani wuri aka ce babu kuɗin ruwa ko kaɗan, Mama har ta yi hamdala, da muka nemi jimilla sai ga shi ruwan ne ya canja riga. A ƙarshe muka dace da wani ƙaramin ofishi a saman shagon fenti, matakalarsa duk ƙura, ba lemo, ba kalanda. Su suke sayen gida su sayar maka a farashi ɗaya da ba ya motsi, kuma sun rubuta da manyan baƙaƙe abin da zai faru idan mutum ya makara. Muka kawo maka takardar, ka karanta tun daga sama har ƙasa da yatsa, ka sa muka sake gwajin wata ɗaya, wannan karon da kwalin maganin Mama a hannuna ina lura. Sannan ka ce, "Yanzu kam."

Gidan da muka saya tsoho ne, ɗaki uku, a unguwar da babu mai gadi sai maƙwabta. Bara kamfanin su Yaya ya shiga matsala, aka yi watanni ba albashi. Mun ji jiki, amma ba wanda ya zo ya manna takarda a ƙofarmu. Muka je ofishin saman shagon fenti, suka bi abin da suka rubuta, aka ɗaga mana ƙafa har abubuwa suka daidaita.

Ranar da muka tare, tun ba a gama sauke kaya ba, Mama ta ce a ba ta guduma da ƙusa. Ta zaɓi tsakiyar bangon ɗakinta, ta buga da kanta har ta shige. Matar Yaya ta ce, "Mama, me za a rataya?" Ta ce, "Ba komai. Shekara nawa ina neman izini kafin in buga ƙusa."

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya sa hutun nan ya karɓe ka, ya ba ka lafiyar cin fanshonka. Ku kuma da kuka gaji teburinsa, da duk wanda aikinsa miƙa wa mutane biro ne, ba na ce ku ƙi ciniki ba. Ku dai ƙara kujera, ku kira wanda ba ya magana a gidan, ku tambaye shi, ku jira har ya amsa. Ba a koyar da wannan a taron bita na otal, amma an yi shi a ƙarƙashin matakalarku shekara da shekaru, kuna wucewa ta kai.

Mama ta ce in gaya maka ka zo ka ga gidan. Ta ce ba sai ka yi waya ba, duk ranar da ka zo muna nan, ba inda za mu.