Motar Yaran da Muka Tare a Jibiya

Cikin duk shekarun da na yi a shingen kan iyaka, ban taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Jibiya ba, ana tsakiyar bazara. Ina Sufeto a lokacin, ni ke riƙe da wayar ofis. Shugabanmu Oga Sanusi ne, Mataimakin Sufiritanda.

Da hantsi wata Baturiya ta kira daga Maraɗi, layin yana yankewa. Abin da na tsinta a Turancinta shi ne wata babbar mota na tafe cike da "kids", an raba su da iyayensu, zafi zai iya kashe su. A makaranta an koya mana "kid" yaro ne. Na ruga na shaida wa Oga.

Ƙa'idar aiki ita ce, in ana zargin safarar yara, a tsare direba, a kira ma'aikaciyar jinya, sannan a buɗe mota gaban shaidu. Duk muka yi. Kafin motar ta iso, mata masu fura sun ji labari, sun shimfiɗa tabarmi, wasu har sun fara hawaye.

Motar ta tsaya, lulluɓe da tamfol, ana jin kuka siriri daga ciki. Oga ya sauko da direban, wani dattijo mai suna Isuhu.

"Me ka ɗauko?"

"Ɗiya ne, ranka shi daɗe. Jiya aka raba su da uwayensu."

"A ina ka samo su?"

"Kasuwa aka saye su. Garin Gangara za ni kai su, a raba ma mata."

Oga ya ce a sa masa ankwa. Isuhu na ta tambaya, "Mi na yi?" Ba wanda ya kula shi.

Aka yaye tamfol. 'Yan awaki ne fal, suna kallonmu. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗa jikin ma'aikaciyar jinya, sauran suka biyo shi. Ga Oga da kakinsa yana bin ɗan akuya tsakanin babura, mu kuma dariya ta hana mu taya shi. Isuhu, da ankwa a hannu, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

Bayan azahar Baturiyar ta iso. Ashe likitar dabbobi ce, tana jin Hausa kaɗan. Ta kira ne don kada mu bar awakin su daɗe cikin rana a shinge. Ta ce tun asali ɗan akuya ake kira "kid", daga baya Turawa suka ara wa yaransu. Kalmar kidinafin da muke ji kullum ma daga nan ta fito, wato sace yaro. Haka "kidding", zolaya, kamar ka mai da babba yaro.

Oga ya share gumi ya ce, "To yau akuya ta mai da mu yara." Da hannunsa ya kwance Isuhu, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Muka shayar da awakin, aka duba takardunsu, suka wuce ba wanda ya mutu.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, in an ce muku yara, ku tambaya na mutum ko na dabba. Amma in layi ya yanke, ku tare motar. Gara kasuwa ta yi muku dariya da a wuce da ɗan wani ta gabanku.